Kurakuran da aka fi yi wajen gina gidan kula da karnuka da kuliyoyi

Sau da yawa cutar da ke yaɗuwa a irin wannan gida ruwan wanki ne ko iska ke ɗaukarta daga ɗaki zuwa ɗaki, kuma tun wajen gini ake buɗe mata hanya.

A fara da daɓe. Magini ya saba shimfiɗa shi daidai wa daida, ga shi nan gangara ake so, santimita 2 a kowace mita, zuwa bakin magudana. In babu ita ruwa zai kwanta, ƙafar dabba ta yini a jiƙe. Siminti tsirara kuma yana shan fitsari, shi ya sa zarni ba ya fita komai wanki, kuma ƙwayar cutar fabo mai kashe 'yan kwikwiyo tana iya yin watanni a wurin. A shafe simintin da efoksi, wato fenti mai tauri da ruwa ba ya ratsawa, mai ɗan kaushi don gudun santsi, a haura da shi jikin bango, a lanƙwasa mahaɗar bango da daɓe don kada datti ya maƙale a lungu. Katako ba ya wankuwa, a yi ƙofofi da ƙarfe marar tsatsa.

Kwata ɗaya a buɗe da ta ratsa dukan ɗakuna ta fi araha, amma gudawar kare na farko sai ta bi ta gaban kowa. Kowane ɗaki ya samu magudanarsa mai murfi da matatar gashi, bututun kada ya gaza santimita 10 a faɗi, in ba haka ba gashi zai toshe shi.

Raga zalla tsakanin ɗakuna ma kuskure ce, don hanci na taɓa hanci, ga faɗa. A gina katanga marar huji mai tsayin aƙalla mita 1.2, raga ta ɗora daga sama. Ɗakin kuma a raba shi biyu da ƙofar da ake ja sama daga waje: a tura kare ɓangare ɗaya, a wanke ɗayan, bai jiƙe ba, ma'aikaci bai shiga hannun mai cizo ba.

Fanka juya iska kawai take yi. Injin zuƙa ake buƙata, wanda zai sauya iskar ɗaki sau 10 zuwa 20 a awa. Iskar ɗakin keɓe marasa lafiya waje za ta fita kai tsaye, kuma ɗakin ya kasance da tsintsiyarsa da bokitinsa da wurin wanke hannu.

Haushin karnuka a rufaffen ɗaki yakan haura desibel 100 a ma'aunin ƙarfin ƙara. Kyanwar da ke jin sa kullum takan daina cin abinci, mura ta kama ta, don haka a nisanta sashenta daga na karnuka, a raba su da bango mai kauri. Cikin kejinta a bar santimita 60 tsakanin kwanon abinci da wurin kashi.

Mashigar kowane sashe ƙofa biyu ce, a rufe ta farko kafin a buɗe ta biyu. Soket ɗin lantarki a ɗaga shi inda ruwan tiyo ba ya kaiwa.