Idan CorelDRAW ya riƙa rufewa a kan aiki mai hotuna da yawa

Lokacin yaye ɗalibai ne na fi samun kira daga abokan sana'a masu shagon zane da ɗab'i. Mujallar makaranta ce mai shafi sittin ko fiye, kowane ɗalibi da hotonsa, ga na malamai, ga na wasan ƙwallo, sai manhaja ta sandare, allo ya yi fari, ta rufe kanta. Yawancinsu abin da suke fara yi shi ne su cire ta su sake ɗorawa, kuma da wuya hakan ya yi magani, domin galibi ciwon yana cikin fayil ɗin ne.

Kafin ka taɓa komai, kwafi fayil ɗin ka ajiye a wani wuri, ka yi gwaje-gwajenka a kan kwafin. Idan kuma daga filasha kake buɗe aikin, dawo da shi cikin kwamfuta. Filasha ta ɗan motsa ana tsakiyar ajiya, fayil ya lalace ke nan.

Ga abin da mutane ba sa lura da shi. Hoton waya mai fiksel 4000 a kwance da 3000 a tsaye, idan ka duba shi a folda za ka ga megabayit uku ko huɗu ne, saboda JPG a matse yake. Da ya shiga manhaja sai ta warware shi, kowane fiksel ya ci bayit uku, hoton ya zama megabayit 36. Ka mayar da shi CMYK, wato tsarin launuka huɗu na ɗab'i, ya koma 48. Yanzu lissafa ɗalibai 200: sama da gigabayit 7 ke nan, a kan laftof mai RAM gigabayit 4 ko 8 wanda Windows ya riga ya ci rabonsa. Jan gefen hoto da linzami har ya koma kamar fasfo bai rage masa nauyi ko kaɗan ba, duk fiksel ɗinsa suna nan. PowerClip ma haka ne. Ka cusa hoton taro gaba ɗaya cikin da'ira don fuskar mutum ɗaya ta fito, sauran jama'ar suna ɓoye a baya, kuma manhaja tana ɗauke da su.

Maganin shi ne a yanka wa kowane hoto daidai wurin da zai zauna. Injin ɗab'i 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, yake buƙata a girman da hoton zai fito a takarda. Hoton ɗalibi mai faɗin santimita 4 da tsawon 5 bai wuce fiksel 472 da 591 ba, bai ma kai megabayit ɗaya ba. Cikakken shafin A4 kuwa 2480 da 3508 ne. A CorelDRAW, fara yanke abin da ba ka so da Crop, sannan ka zaɓi hoton, ka shiga Bitmaps, ka danna Resample, ka rubuta 300. Kada ka sa alama a Maintain original size, in ka sa nauyin yana nan yadda yake. Ni dai na fi son a yi wannan aikin tun kafin hotuna su shiga shafi. Manhajar IrfanView tana da Batch Conversion da zai rage folda guda a tashi ɗaya. Mai Photoshop yana da Image Processor a ƙarƙashin Scripts. Ajiye hotunan asali a folda daban, domin wanda aka rage ba ya komawa, kuma ba a rasa uban ɗalibi da zai zo daga baya yana so a buga masa babba.

Masu bana da allon talla su ma su sassauta. Abin da za a kalla daga tsallaken titi ba ya buƙatar 300 dpi. 100 ya isa, wani lokaci ma ƙasa da haka.

Duba kuma wace manhaja ce a kwamfutarka. Har yanzu akwai shaguna masu riƙe da tsohon CorelDRAW X3 saboda hannu ya saba. Daga X5 zuwa ƙasa duk 32-bit ne, kuma irin wannan manhaja ba ta iya amfani da fiye da gigabayit 4, sau da yawa ma a 2 take tsayawa, ko da ka cika kwamfutar da RAM. Sai a X6, wanda ya fito a 2012, aka samu na 64-bit. Danna Ctrl da Shift da Esc, ka bar Task Manager a buɗe kana aiki. In ka ga Memory ya haura kashi 90 kafin manhajar ta faɗi, ka san inda matsalar take. Faifan C ma ya kasance da sarari, don can ake zuba abin da RAM ya kasa ɗauka. Rufe manhaja, danna maɓallin Windows da R, rubuta %temp%, ka share abin da ya yarda ya goge.

Wani lokaci kuma ba nauyi ba ne, abu ɗaya ne ya lalace. Alamarsa ita ce kullum a wuri ɗaya take faɗuwa: shafi kaza, ko daidai lokacin fitar da PDF. Kada ka bi shafi ɗaya-ɗaya. Yi kwafi biyu, goge rabin farko a ɗaya, rabin ƙarshe a ɗayan, ka ga wanne ke faɗuwa, ka sake raba shi. Shafi 64 rabi shida ne kawai ka kama mai laifi. Abin da na fi tararwa shi ne hoton da bai gama saukowa daga WhatsApp ba, ko wanda aka sauko da shi daga intanet a matsayin WebP wani ya canza masa suna zuwa JPG. Buɗe shi a manhajar hoto, ka sake ajiye shi a TIFF ko sabon JPG, ka mayar. Idan ba hoto ba ne, zargi salon haruffan da ka sauke kyauta kwanan nan, ko inuwa da Transparency da aka jibga a kan babban hoto. Waɗannan ka haɗa su ka mayar da su hoto ɗaya ta Convert to Bitmap, ban da rubutun.

Fayil ya ƙi buɗuwa sam? Nemi wanda sunansa ya fara da Backup_of a folda ɗaya da shi. In babu, buɗe sabon shafi ka jawo shi ta Import, yakan yarda ta nan. Idan kuma kowane fayil ne ke kayar da manhajar, har da sabo, riƙe F8 yayin da take buɗewa don ta koma saitin asali. Gajerun hanyoyin da ka tsara za su tafi, ka sani.

Gaskiya dai, mujalla mai shafi da yawa aikin InDesign ce, wato manhajar Adobe ta tsara shafuka, domin shi yana barin hoto a foldarsa ne ya nuna maka inuwarsa mara nauyi, matuƙar da Place ka shigo da shi ba kwafa da mannawa ba. Allon Links zai nuna maka Effective PPI na kowane hoto, wato fiksel nawa ne a kowane inci a girman da ya zauna a shafi, duk wanda ya kai dubu ka rage shi. Sa Display Performance a Typical. Fayil ya fara gardama, fitar da shi a IDML, wani tsarin ajiya na InDesign, ka sake buɗewa, wannan yakan wanke dattin da ya taru. Wanda ya zauna a kan Corel kuma, ya raba aikin zuwa fayiloli na shafi 8 ko 16, ya fitar da PDF na kowanne, ya haɗa su a ƙarshe.

Idan kwamfutar ce baki ɗaya take mutuwa ba manhaja kaɗai ba, musamman tana tsakiyar fitar da PDF, taɓa ƙasanta ka ji zafi. Ƙurar hunturu kan toshe fanka, a kai wa mai gyara ya buɗe ya busa ta.