Yadda ake bin hanyar burji da keke ba a dawo ana tura shi ba

A garin Emporia na jihar Kansas a Amurka, tun 2006 ake tseren keke na mil 200 a kan hanyar tsakuwa, kuma a 2022 aka yi gasar duniya ta farko ta irin wannan hawa a Italiya. Su sai sun je neman hanyar. Mu a Damagaram, da ka sauka daga kwaltar Mirya ka karkata ƙauye, ga jar ƙasa, ga gargada, ga rairayi, duk a fita ɗaya.

Ka fara da taya, don ita ce rabin aikin. Siririyar tayar tseren kwalta, mai faɗin milimita 25, nutsewa take yi. Nemi mai milimita 40 zuwa 45 in keken zai ɗauka. Sannan iska: yaran faci sun saba cika taya har ta yi kamar dutse. Ka ce, "Malam, rage min." Iskar da ta kai "bar" 2 zuwa 3 a ma'aunin famfo ta wadatar, gwargwadon nauyinka. Taya mai ɗan laushi tana shanye gargadar, mai tauri kuwa tsalle take, tafin hannunka ya mutu tun ba ka yi nisa ba.

Babban abokin gaba tsidau ne, sai ƙayar aduwa. Na taɓa yin faci uku tsakanin asuba da hantsi, na ƙarasa gida ina tura keke, yara na dariya. Tun ranar ba na fita sai da tub biyu, famfo da kayan faci. In ka samu tayar da ba ta da tub, wadda ake zuba wa ruwan toshe huda, ka huta.

In ka shiga rairayi kada ka taɓa birkin gaba. Sauko giya tun kafin ka isa, ja jikinka baya kan sirdi, sassauta riƙon kan keken, ka yi ta murzawa. Wani wurin kuwa sauka kawai za ka yi, ba abin kunya ba ne.

Da bazara, fita bayan sallar asuba, ka dawo kafin ƙarfe 10, da ruwa aƙalla lita 2. Da hunturu ka rufe hanci, ka goge sarƙa da tsumma bayan kowace fita, ka sa mata mai kaɗan kawai, don yawansa ƙura yake kamawa ya cinye haƙoran giya.