Yadda Ake Zaɓar Rauta Mai Araha da Inganci Don Amfanin Gida

Gidaje da yawa a Kano, Kaduna da Zariya sun gaji da kunna hotspot na waya. Wayar maigida ta yi zafi, batir ya ƙare, ya fita kasuwa yara sun rasa intanet ɗin karatu. Maganin wannan shi ne rauta, ƙaramar na'urar da ke karɓar intanet ta watsa shi a gida ta wayfai. Sai dai mutane da dama suna fara sayen na'urar ne kafin su duba sabis ɗin unguwarsu, kuma a nan kuɗi ke salwanta. Rauta kamar kan famfo take: in babu ruwa a bututu, ko na zinariya ka ɗaura ba abin da zai zubo.

Mataki na farko: gwada sabis a cikin gidanka

Kada ka dogara da abin da maƙwabci ya ce, balle mai shago. Ɗauki waya mai 4G, ka sa layin MTN, Airtel, Glo da duk wanda ke yankinku ɗaya bayan ɗaya, ko ka ari wayoyin 'yan gida. Buɗe fast.com ko manhajar Speedtest, ka gwada a falo, a ɗaki, a bakin taga. Ka gwada da safe, ka kuma maimaita tsakanin magariba da ƙarfe goma na dare, domin lokacin ne kowa ke kan waya, turakun kamfani suka fi cunkoso. Layin da ya tashi kamar iska da asuba yana iya rarrafe bayan isha'i. Wanda ya riƙe ƙarfinsa da daddare shi ne naka, ko da wani ya fi shi gudu da safe.

Mataki na biyu: san irin rautar da kake nema

Iri uku ne a kasuwa, kuma ana yawan rikita su. Akwai MiFi, 'yar ƙarama mai batir da ke shiga aljihu. Tana da kyau ga ɗalibi ko matafiyi, amma ba ta ratsa bango sosai, kuma barin ta a caji dare da rana yana kumbura batirinta. Akwai rautar tebur mai ramin layin waya, wadda ita ce ta dace da mafi yawan gidajenmu. Sai kuma wadda ba ta ɗaukar layi sam, sai an jona mata wayar intanet, wato kebul ɗin da kamfanin fiba ko makamancinsa ke ja zuwa gida. Wannan ta ukun ta fi araha, eriyoyinta sun fi yawa, shi ya sa take ruɗar mai saye. In ba a ja maka waya zuwa gida ba, ka juya bayanta ka ga ramin layi da idonka kafin ka biya.

Mataki na uku: a kulle take ko a buɗe?

Rautar da kamfanin sadarwa ke sayarwa yawanci tana da sauƙin kuɗi, har da kyautar data a farko, amma layinsu kaɗai take karɓa. In gwajinka ya nuna kamfanin nan ya yi wa sauran nisa a unguwarku, saye ta ba laifi. In kana haya kuma kana iya tashi, ko sabis ɗin unguwar yau fari gobe tsumma ne, ƙara kuɗi ka sayi buɗaɗɗiya ta TP-Link, Huawei ko ZTE, wadda za ka sauya mata layi duk ranar da ka ga dama. Ni a ganina wannan 'yancin ya cancanci ƙarin kuɗin.

Akwai abin lura guda a nan. Kamar tashoshin rediyo, kowane kamfani da zangon da yake watsa 4G ɗinsa. A kwalin rautar za ka ga lambobin zangon da take kamawa, kamar B3, B7, B20, B28. Glo, alal misali, yana amfani da B28, wato 700MHz, kuma ba kowace rautar da aka shigo da ita daga Turai ke kama shi ba. Nemi wadda ta haɗa waɗannan huɗun.

Mataki na huɗu: karanta kwali, ka bar ƙirga eriya

Abu biyu za ka duba. Na farko ajin 4G: Cat 4 iyakarta megabit 150 a daƙiƙa, Cat 6 kuma 300, domin tana iya haɗa zango biyu a lokaci guda. Waɗannan lambobi na takarda ne, ba za ka gan su a gida ba, amma a wurin da ke da cunkoso Cat 6 ta fi riƙe gudu. Na biyu wayfai ɗin kansa: 2.4GHz ya fi nisa da ratsa bango, 5GHz ya fi gudu amma a kusa. Wadda ke da duka biyun ta fi, musamman in ana kallon bidiyo a talabijin. Kuma kada a ruɗe ka: 5GHz na wayfai daban, 5G na kamfanin waya daban. MTN ya fara 5G a Najeriya a 2022, Airtel ya biyo baya a 2023, amma ba kowace unguwa ya kai ba, rautarsa kuma ta fi tsada. In wayar 5G ba ta nuna shi a gidanka ba, kada ka biya kuɗinsa.

Mataki na biyar: wuta

Wannan ne abin da masu talla ba sa faɗi, alhali shi ne rabin maganar a ƙasarmu. Rautar tebur tana mutuwa da zarar NEPA ta ɗauke. Wasu suna zuwa da batir a ciki. In taka ba ta da shi, nemi ƙaramin UPS na rauta, wato ɗan batirin da ke ba ta wuta in an ɗauke, ka karanta bayan cajarta ka ga ko bolt 12 take sha ko 9, ka daidaita. Wutar da take ci kaɗan ce, don haka mai sola ko inbata ba shi da damuwa. Kada ka sa mata cajar da ba tata ba.

Mataki na shida: a shago

Ko a Farm Centre ta Kano kake, ko Banex a Abuja, tafi da layinka wanda ka riga ka haɗa da NIN. A kunna na'urar a gabanka, ka jona wayarka, ka buɗe bidiyo. Karɓi rasit mai ɗauke da lambar IMEI, wato lambar shaidar na'urar, ka kuma ji kwana nawa ke gare ka na mayarwa in ta ba da matsala. In ta hannu ce, a goge ta a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, ka bar ta a kunne na ɗan lokaci ka ga ko tana kashe kanta.

Mataki na bakwai: kafa ta a gida

Bangon bulo da siminti yana cin wayfai, ƙarfe ya fi. Ɗora ta a sama, kusa da tagar da sabis ya fi ƙarfi, nesa da firji da bayan talabijin, kuma inda rana ba ta dukanta, don zafin Afrilu yana sa ta tsayawa. A babban gida mai sassa, sa ta a ɗakin da ke kallon tsakar gida. In har ba ta kai wani sashe ba, ja wayar intanet zuwa can ka jona rauta ta biyu mai araha. Ya fi na'urar ƙara nisan wayfai aminci.

Daga nan ka shiga shafin da ake saita ta, ta manhajar buɗe intanet a wayarka. Adireshin yana rubuce a ƙasanta, galibi 192.168.0.1, 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Sauya kalmar sirrin shiga shafin, ka sauya ta wayfai, ka zaɓi tsaron WPA2 ko WPA3, ka kashe WPS, wato hanyar jona na'ura ba tare da rubuta kalmar sirri ba. Kada kalmar ta zama lambar wayarka ko sunan ɗanka, duk maƙwabtanka sun san su. Sannan ka bi wayoyin gida ɗaya bayan ɗaya ka hana su sabunta manhajoji da tura hotuna da kansu, domin waya tana ɗaukar wayfai a matsayin kyauta, ta cinye datar wata cikin kwanaki. Lokaci zuwa lokaci ka riƙa leƙa jerin na'urorin da ke jone, in ka ga baƙuwa ka cire ta, ka sake kalmar sirri.