Kurakuran da ke lalata kayan ado masu daraja

Wasu zobba da sarƙoƙin da ake kai wa maƙeri gyara ba faɗuwa suka yi ba, wajen wanki aka illata su. Mutum ya tara zinariya da zumurrudu da lu'ulu'u a kwano ɗaya, ya zuba ruwan zafi da bilic, wai yana tsafta. Wace irin tsafta ce wannan? Bilic yana cin ƙarafan da aka gauraya da zinariya, domin zinariya mai karat 18, wadda ake buga wa lamba 750, kashi 75 cikin 100 ne kawai zalla. 'Yan haƙoran da ke riƙe dutse su ne suke fara tsagewa, ba ka gani, sai ranar da dutsen ya ɓace. Shi kuwa zumurrudu, yawancinsa an cike tsagoginsa da mai tun kafin a sayar. Ruwan zafi da injin wanke kayan ado mai girgiza suna fitar da man, dutsen ya dawo fari-fari, tsaga duk a waje. Abin da nake amincewa da shi ruwa ne mai ɗumi-ɗumi, ɗigo biyu na sabulun ruwa marar kaifi, da buroshi mai laushi. Daimon da yaƙutu za su jure jiƙo na minti 15, zumurrudu kuwa shafawa kawai da ɗanyen ƙyalle. Man goge baki kada ma ya kusanto, karce zinariya yake yi.

Lu'ulu'un da ake samu cikin kawa ya fi kowa shan wahala. Asalinsa ɗaya da alli, don haka ruwan tsami, lemun tsami da turare duk suna cinye ƙyallinsa, kuma ba ya dawowa. A gama fesa turare tukuna a sa shi, in an cire a share zufa. Kada a rataye sarƙarsa, zaren siliki miƙewa yake yi, a shimfiɗe ta.

Sai masu jibge komai a akwati guda. A ma'aunin tauri na Mohs, daimon yana kan 10, yaƙutu 9, zumurrudu 7.5 zuwa 8, zinariya zalla ba ta wuce 3 ba. To wa zai ci wani in suna gogayya? Kowane abu da 'yar jakarsa, ko aƙalla ɗan gurbinsa. Ƙura ma ba abin rainawa ba ce: akwai ɓarɓashin yashi a cikinta mai taurin 7, saboda haka goge opal, wani dutsen ado da bai kai yashi tauri ba, a bushe karce shi ne. A ɗauraye kafin a goge.

Masu jera kaya a akwatin gilashi don nuni, ku raba su da taga. Hasken rana yana koɗar da launin ametis, wani dutsen ado mai launin shunayya, a hankali, fitila mai zafi kuma tana busar da ruwan da ke cikin opal har ya tsattsage. Fitilar LED ta wadatar. Azurfa kada a ɗora ta kan ulu ko a ɗaure ta da roba, nan da nan take yin baƙi.

Zobe in ya fara kama zaren tufafi, haƙori ne ya ɗaga. A kai shi kusa da kunne a ɗan ƙwanƙwasa, in dutsen ya yi ƙara a cire shi, kada a sake sawa sai maƙeri ya matse haƙoran.