Maganin Aiptasia a akwatin murjani

Jama'a, duk wanda ya ga Aiptasia, wata ƙaramar halittar teku mai gashi mai harbi, ta fito a jikin dutsen akwatin ruwan da yake kiwon murjani, kada ya kankare ta ko ya tsinke. Ko guntun da ya rage yana iya zama sabuwa, gashinta kuma yana ƙona murjanin da ke kusa.

Idan 'yan kaɗan ne, a kwaɓa garin kalkwasser (sinadarin calcium hydroxide) cokalin shayi ɗaya da ruwan da aka tace har ya yi kaurin man goge baki, a zuba a sirinji. A kashe duk famfuna. A kai bakin sirinjin a hankali, don da ta ji motsi za ta shige rami. A ɗiga mata a baki, a lulluɓe ta gaba ɗaya, a bar ruwan tsaye minti 20 zuwa 30, sannan a zuƙe ragowar kafin a kunna famfo. Kada a wuce Aiptasia uku ko huɗu a rana, musamman a ƙaramin akwati, saboda kalkwasser na ɗaga pH, wato ma'aunin tsami da kanwa na ruwa. Kwaɓin da ya zuba a kan murjani kuma zai ƙone shi, sai a sa safar hannu a kula.

In sun riga sun cika dutse, sirinji ɓata lokaci ne. A nemo Berghia, ƙaramar halittar da ba ta cin komai sai Aiptasia, amma tana ɗaukar watanni, kuma kifin wrasse na cinye ta. Jatan lande Lysmata wurdemanni ma yana ci, sai dai wasu masu shago kan ba da Rhynchocinetes a madadinsa, mai doro a baya, shi kuwa murjani mai taushi yake faɗa wa.