Darasi: Abin da Ke Sa Halittu Su Cika Wuri Ko Su Ragu

A ce tumaki 30 suna kiwo a fili mai kadada 3. Kowace kadada ta samu 10. Idan aka kora su duka cikin kadada 1, adadinsu yana nan yadda yake, amma ciyawa za ta ƙare da wuri. Wannan shi ake kira cunkoso, wato yawan halitta idan an auna shi da faɗin wurin da take zaune.

Haihuwa da shigowa suna ƙara cunkoso. Mutuwa da ƙaura suna rage shi.

Ku dubi rumbu bayan kaka. Gero ya cika shi, ga ɗumi, ga maɓoya. Ɓera takan haihu bayan kamar mako 3 da ɗaukar ciki, kuma 'ya'ya da yawa take zubawa. Na gona ma sai su biyo ƙanshin hatsi su shigo gida. Kafin bazara za ku ga kashinsu a bakin rumbu, ƙasan dami ya zama ƙaiƙayi. Abinci ne ya tara su. Masu rage su kuwa su ne kyanwa da maciji da mujiya. Abin takaici, mutane da yawa suna jifan mujiya saboda camfi, alhali dare duk ɓeraye take kamawa. Wanda ya kore ta daga bishiyar gidansa, hatsinsa ya yi wa asara.

Shamuwa kuma baƙuwa ce. Tana zuwa garuruwan Katsina da Daura gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa, ta ci fara a gonaki, ruwa na ɗaukewa ta nufi kudu.

Akwai bambanci tsakanin cuta da fari. Cuta ta fi ɓarna inda dabbobi suka matsu, kamar bakin mashaya ko kara ranar kasuwa. Haka cutar shanu da ake kira bushiya ta bi garke-garke a 1983. Fari kuwa, irin na 1973 da na 1984, ba ruwansa da yawa ko ƙaranci, kowa ya taɓa.

Aiki: ku ƙirga awakin gidanku yau, ku auna turkensu da taku. Ku rubuta nawa aka haifa bana, nawa suka mutu, nawa aka saya, nawa aka sayar. Ku kawo lissafin aji mako mai zuwa.