Yadda ake tantance sinadaran zaƙi a garin ƙarin ƙarfi kafin a sha

Garin furotin da garin ƙarin kuzari da ake dama wa da ruwa kafin atisaye sun samu karɓuwa a tsakanin matasan Damagaram masu ɗaga ƙarfe da masu shirin kokawa. Wasu robobin ta Kano suke shigowa, wasu ƴan'uwa ne ke aiko su daga Faransa ko ƙasashen Larabawa, kuma kusan dukkansu zaƙinsu rau, alhali an rubuta a jikinsu cewa babu sukari. Wannan zaƙin daga wasu sinadarai yake fitowa, waɗanda suka ninka sukari zaƙi sau ɗaruruwa, kuma su ne ake yawan yaɗa jita-jitar cewa suna kawo ciwon daji. A ganina, ga baligi mai lafiya da ke shan awon da aka ƙayyade daga roba mai cikakken rubutu, ba su ne babban abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne shan garin da ba a san abin da ke cikinsa ba. Ga yadda mutum zai bi ya tantance da kansa.

Mataki na farko: a juya robar a karanta bayanta

Gaban roba talla ne kawai. Gaskiyar tana baya, a ƙananan rubutun da aka jero kayan haɗi. Idan rubutun na Faransanci ne, a nemi kalmar édulcorants, domin sunayen da ke biye da ita su ne sinadaran zaƙin. Waɗanda aka fi gani su ne sucralose, da acésulfame K, da aspartame, sai kuma stevia wadda ake samu daga ganyen wani tsiro na Kudancin Amurka. Kayan da aka yi domin kasuwar Turai kan sa lamba a madadin suna: E955 ita ce sucralose, E950 acésulfame K, E951 aspartame, E954 saccharine, E960 kuma stevia. Yana da kyau a rubuta waɗannan lambobi a waya, saboda a tsaye a gaban mai shago ba kowa ne zai tuna su ba.

Ana jero kayan haɗi ne daga mafi nauyi zuwa mafi ƙanƙanta, shi ya sa sinadaran zaƙi ke zuwa can ƙarshen jeri. Idan kayan daga Najeriya suka fito, a duba ko akwai lambar rajistar NAFDAC, wato hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, sannan a duba ranar lalacewa da kuma hatimin bakin robar.

Garin da aka ɗebo daga babban buhu aka ƙulla a farar leda, ana sayarwa awo-awo saboda cikakkiyar roba ta yi wa aljihu tsada, a nan tantancewarsa ta ƙare, domin babu rubutun da za a karanta. Mai sayarwa zai iya rantsuwa cewa na asali ne, kuma wataƙila shi ma haka aka gaya masa, amma ba shi da hanyar sanin abin da aka gauraya a ciki kafin ya iso hannunsa. Irin wannan a bar shi.

Mataki na biyu: a yi lissafi da nauyin jiki

Kowane ɗaya daga cikin sinadaran nan yana da iyakar da masana suka ce mutum zai iya sha kullum har tsawon rayuwarsa ba tare da fargabar illa ba, kuma ana auna ta da miligiram a kan kowane kilo na nauyin jiki. Kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ya sa wa aspartame miligiram 40, sucralose 15, acésulfame K 15, stevia kuma 4. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fi tsaurarawa a kan sucralose, inda ta tsaya a miligiram 5, ta kuma fi sassautawa a kan aspartame, inda ta kai 50.

Sai mutum ya hau sikeli ya san nauyinsa, ya ninka. Mai kilo 70 iyakarsa ta aspartame ita ce miligiram 2,800 a rana. Ta sucralose kuwa 1,050 ce, ko 350 idan ya bi ma'aunin Amurka, kuma ni shi nake ba da shawarar a bi, tunda ɗaukar mafi tsauri bai rage wa kowa komai ba.

Matsalar ita ce kamfanoni ba su cika rubuta yawan sinadarin zaƙin da ke cikin awo ɗaya ba. Amma ana iya ƙiyastawa. Sucralose ta ninka sukari zaƙi kusan sau 600. Idan awo ɗaya na garin ya yi zaƙin da giram 30 na sukari zai bayar, wato abin da ya kai cokalin shayi shida zuwa bakwai, to sucralose ɗin da ake buƙata don samar da wannan zaƙi kimanin miligiram 50 ce. Ke nan mai kilo 70 sai ya sha awo bakwai a rana kafin ya taɓa iyakar nan mafi tsauri. Aspartame ta ninka sukari kusan sau 200, don haka zaƙi iri ɗaya yana buƙatar miligiram 150, wanda bai kai kashi ɗaya cikin goma sha takwas na iyakarsa ba. Wannan ƙiyasi ne, ba awon ɗakin gwaji ba, amma ya isa ya nuna cewa mai shan awo ɗaya ko biyu yana nesa da iyaka ƙwarai.

Kada a manta a haɗa da sauran abubuwan da ake sha a ranar. Lemon kwalba marar sukari, da garin lemon ƙaramar leda da ake dama wa a ruwan sanyi, da cingam, duk sukan ƙunshi sinadarai iri ɗaya. Yaro ɗan shekara goma sha huɗu mai kilo 45 da ke bin yayyensa wurin atisaye kuwa lissafinsa ya fi matsewa, kuma asali ma garin ƙarin kuzari ba nasa ba ne.

Mataki na uku: a fahimci maganar ciwon daji yadda take

A watan Yuli na 2023 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sa aspartame a rukunin 2B, wato abubuwan da mai yiwuwa ne su iya haddasa ciwon daji amma hujjar da ake da ita taƙaitacciya ce. Daga nan saƙonnin murya suka cika WhatsApp. Abin da saƙonnin suka tsallake shi ne, a lokaci guda kwamitin da ke ƙayyade iyaka ya sake nazari ya bar miligiram 40 ɗin yadda take, har hukumar ta ba da misalin cewa mai kilo 70 sai ya wuce gwangwani 9 zuwa 14 na lemo marar sukari a kullum kafin ya zarce ta. Wanda hankalinsa bai kwanta ba duk da haka yana da sauƙin mafita: ya zaɓi robar da babu E951 a jikinta.

Akwai wata shawarar da ta fi shafar masu atisaye. A watan Mayu na 2023 hukumar ta ce kada a dogara da waɗannan sinadarai don rage ƙiba, saboda bincike bai nuna suna rage kitsen jiki a dogon lokaci ba. Shawarar ba ta haɗa da waɗanda tuni suke da ciwon sukari ba.

Mataki na huɗu: a duba ko ana cikin waɗanda ya kamata su yi hattara

Masu cutar gado da ake kira fenilketonuriya, waɗanda jikinsu ba ya iya sarrafa sinadarin phénylalanine da ke cikin aspartame, ba za su taɓa ta ba ko kaɗan, shi ya sa ake rubuta contient une source de phénylalanine a jikin kaya. Cutar ba ta da yawa. Mai juna biyu, da mai shayarwa, da mai ciwon ƙoda, da mai hawan jini, su kai robar wurin likita ko mai farmasi kafin su fara sha, ba don zaƙin kaɗai ba, har da yawan furotin da sauran abubuwan da ke ciki.

Wani rukuni na daban na sinadaran zaƙi shi ne sorbitol, maltitol, xylitol da érythritol, waɗanda aka fi samu a ƴan sandunan furotin masu kama da cakulan. Hanji ba ya tsotse yawancinsu gaba ɗaya, sai su jawo ruwa su kawo kumburin ciki, da iska, da zawo. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Damagaram ke haura digiri 40, zawo a kan gumin atisaye hanya ce ta ƙarewar ruwan jiki cikin gaggawa. A 2023 kuma masu bincike na asibitin Cleveland Clinic a Amurka sun gano alaƙa tsakanin yawan érythritol a jini da daskarewar jini a jijiya. Alaƙa ce ba tabbacin sanadi ba, amma mai ciwon zuciya ko wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki gara ya kauce wa érythritol.

Mataki na biyar: a gwada da rabin awo

Sabuwar roba a fara ta da rabin cokalin da ke cikinta, bayan an ci abinci, kuma kada a fara sabbin kaya biyu a mako guda, domin idan ciwon kai ko murɗawar ciki ta zo a san mai laifi.

A nan ne ake yawan ɗora wa zaƙi laifin da ba nasa ba. Bugun zuciya da sauri, da rawar hannu, da kasa barci bayan shan garin ƙarin kuzari, aikin kafeyin ne, wato sinadarin wartsake jiki da ke cikin shayi da goro ma. Awo ɗaya na irin wannan gari yakan ƙunshi miligiram 200 ko fiye, alhali hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta ce miligiram 400 a rana, da 200 a sha ɗaya, su ne ba sa tayar da hankali ga baligi mai lafiya. Wanda ya sha awonsa da la'asar, ya zauna a fada da dare ya sha shayi na ɗaya da na biyu, ga goro a baki, shi ne zai kwana ido biyu, kuma sauya sinadarin zaƙi ba zai canza masa komai ba.

Mataki na shida: ajiya da yadda ake haɗawa

A rufe robar da kyau a ajiye ta a inuwa, nesa da kwanon rufi da akwatin babur. A dama a sha nan take, domin aspartame tana rasa zaƙinta idan ta daɗe cikin ruwa mai ɗumi, furotin da aka dama kuwa saurin lalacewa yake yi a zafi. Kada a zuba garin da ke da sucralose a ƙullun fanke ko masa a soya: hukumar tantance haɗari ta Jamus ta yi gargaɗi a 2019 cewa daga digiri 120 zuwa sama sinadarin kan wargaje ya haifar da abubuwan da ake zargin suna da illa. Mai son haɗawa da kunu ya jira ya huce tukuna.

Wanda ya gwada iri biyu ko uku cikinsa bai karɓa ba, akwai garin furotin marar ɗanɗano, wanda ake rubuta neutre ko sans édulcorants a jikinsa. Ana dama shi da nono ko kindirmo, a markaɗa dabino biyu ko ayaba a ciki idan ana son zaƙi, tare da sanin cewa wannan zaƙin sukari ne, mai ciwon sukari kuma sai ya sa shi cikin lissafin abincinsa na ranar.